Heaika Mai Karatun Kunne

Ranar da aka binne maigidana Aslak, sanyi ya kai inda numfashin mutum ke daskarewa a gashin idonsa. Ni kuwa hankalina ba ya jikina tun safe. Na zura takalmana ban canza ciyawar da muke cusawa ciki don ɗumi ba, ta jiya ce, ta sha gumi ta jiƙe. Muna tsaye a maƙabartar bayan coci sai na ji yatsun ƙafata sun daina ciwo, kuma duk wanda aka haifa a garinmu Kautokeino, can ƙarshen arewa, ya san abin da hakan yake nufi: sanyi ya fara cinye su. Ban ce wa kowa komai ba. Ana cikin waƙar ƙarshe wani ya taɓa mini gwiwar hannu. Heaika ne. Ya ja ni gefe, ya zaunar da ni a kan keken kayansa da ake ja a kan ƙanƙara, ya cusa hannu a ƙirjin rigarsa ya zaro dunƙulen busasshiyar ciyawa mai ɗumin jikinsa. Ya kwance mini takalman, ya zubar da jiƙaƙƙiyar, ya murza mini yatsun da tafin hannunsa har sai da na yi ƙara, sannan ya shimfiɗa sabuwa ya ɗaure.

"Mutum ɗaya muka zo binnewa yau, Ravna," in ji shi. "Ba a haƙa wa ƙafafunki rami ba."

Bayan kwana biyu na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ya ga duk matan da ke layinmu suna buga ƙafa a ƙasa, ni kaɗai na daina. Irin idon da Ubangiji ya ba shi ke nan.

An haifi Heaika a cikin tanti, a kan hanyar ƙaura zuwa bakin teku, shekara shida kafin yaƙin duniya na biyu. Uwarsa ta huta kwana uku, aka rataya shi a gefen barewar dako, irin manyan bareyin ƙasar ƙanƙara da ake kiwo kamar shanu, aka ci gaba da tafiya. Da ya tasa aka kai shi makarantar kwana har hunturu uku, inda ake koyarwa da harshen da bai taɓa ji ba. Ya fito da iya rubuta sunansa, shi ma da ƙyar. Harafi ya ƙi shi, shi ma ya ƙi harafi. Nasa karatun yana wani wuri.

Kowane mai barewa a ƙasar nan yana da shaidarsa, 'yan yanke-yanke da tsage-tsage a kunnen dabba, dama da hagu, ba mai irin ta wani. Ɗa yakan ɗauki ta ubansa ya ƙara tsaga ɗaya, ko ya mai da ta wani gefen, shi ya sa wanda ya iya kallon kunne zai gaya maka mai dabbar, da ubansa, da gidan da uwarsa ta fito. Yara kan koyi yankan a jikin ɓawon itace. Heaika tun bai kai goma ba ya cika buhu da kunnuwan ɓawo, na danginsu da na mutanen da bai taɓa gani ba. Da ya zama magidanci, garke zai iya zagayawa a guje cikin shinge, ƙaho na karo da ƙaho, ya ɗan runtse ido ya ce, "Waccan ta matar marigayi Joret ce, sanyi ne ya cinye bakin kunnenta na hagu, shi ya sa kuke ganin kamar ta wani." A kama a duba, haka ne. An taɓa kiransa kan wasu mutum biyu da suka kusa zare wuƙa saboda bijimi ɗaya. Ya duba ya ce su mai da wuƙaƙensu, ba na kowa a cikinsu ba ne, mai shi yana can ƙetaren iyaka. Suka koma gida a keken ƙanƙara ɗaya, ba mai yi wa wani magana.

Gidanmu masaukinsa ne tun zamanin iyaye. Mu mazauna bakin kogi ne, ba mu da garke. Su masu garke sukan tafi bakin teku in ƙanƙara ta fara narkewa, su dawo da kaka, kuma in sun dawo nan suke sauka. Ya kawo nama da ƙashin ɓargo da fata, mu ba shi kifi da madara da gado kusa da murhu, ni kuma in ɗinka masa takalma. Shi da Aslak ba su taɓa zama ba tare da sun tsokani juna ba.

"Malamin kunne," Aslak zai ce, ya tura masa gwangwanin gahawa, "karanta mana abin da aka rubuta a nan."

"Gwangwani ba shi da kunne," Heaika zai ce. "Ka kawo kanka in karanta maka asalinka. Sai dai ba za ka ji daɗi ba."

Matarsa Magga ta riga Aslak tafiya da shekara huɗu. Ta bar masa 'ya ɗaya, Risten, ma'aikaciyar jinya a garin Alta, yarinya mai tsananin son ubanta da tsananin tsoro a kansa. Tun wata faɗuwa da ya yi daga kan babur ɗin ƙanƙara ya karya haƙarƙari biyu, ta gaya masa a gabana: "Baba, ranar da idonka ko ƙafarka suka fara gardama, ranar zan karɓe makullin nan. Akwai ɗaki mai ɗumi a gidan tsofaffi." Ya yi dariya ya ce ta ajiye wa kanta ɗakin. Amma ya ji ta.

Yana da shekara saba'in da ɗaya na fara lura. In zai zuba gahawa sai ya ɗora ɗan yatsa a bakin ƙoƙon. In zai dube ni sai ya karkata kai gefe, kamar tsuntsu yana kallon tsaba. Wata rana ya shigo ya gai da rigar sanyina da ke rataye a bayan ƙofa, sannan ya wayance da cewa rigar ta fi ni fara'a. Kuma tsohon karensa Muste, wanda da yake bin bayansa, yanzu shi ke gaba. Na ajiye waɗannan a raina ban haɗa su ba, ko kuma ban so in haɗa su ba.

Da kaka, kafin garke ya shigo ƙasar hunturu, akan tara shi a babban shinge a yi wa maruƙan da suka tsere wa wuƙa shaida. Maraƙi ba ya zuwa duniya da yanka a kunne. Uwar da yake bi ita ce shaidarsa. Ka duba kunnen uwa, ka jefa igiya, ka yi wa ɗan irin nata. Abin da wuƙa ta cire kuwa ba ya komawa. Ni ina zuwa kowace shekara da bokiti, don jini da fatar ƙafafu, in tsaya a jikin katakon shinge tare da mata.

Hannun Heaika bai tsufa ba. Igiya ta tashi ta sauka a wuyan wani maraƙi, ya kayar da shi, ya durƙusa a kai, wuƙa ta yi aikinta cikin ƙiftawar ido. Ya sake shi. Maraƙin ya ruga yana gurnani, ya wuce uwar da Heaika yake zaton tasa ce, ya manne a jikin wata mai shaidar Biera. Biera ɗan yayar Heaika ne, 'yan garke ɗaya ne, ƙaton magidanci mai shekara arba'in da wani abu wanda ake jin dariyarsa daga wancan tudun.

"Kai, Kawu!" ya yi ihu. "Yau wace rana? Malamin kunne ya yi tuntuɓe!"

"A je a buga ƙararrawar coci!" wani ya ce daga can.

Heaika ma ya yi dariya. "Maraƙin ne maƙaryaci, ya bi uwar wani don ya ba ni kunya."

Irin wannan yana faruwa, kuma akwai yadda ake yi. Wanda ya yi kuskure yakan ba da maraƙi ɗaya daga nasa a yi masa shaidar wancan. Aka yi haka, aka wuce. Kafin tsakar rana ya sake, kuma na Biera ne dai. Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba. Da rana ta karkata ya kama wata 'yar maraƙa mai farar fuska, wadda matar Biera take ta nuna wa mutane tun safe. Kafin wani ya buɗe baki jini ya zuba a kan ƙasa.

Biera ya yar da igiyarsa. Ya tako a hankali, bai ɗaga murya ba, amma shingen ya yi tsit har kowa ya ji.

"Kawu, in nama ne ya ƙare maka, ka faɗa da baki, in yanka maka bijimi in kai har ƙofar tantinka. Amma ba haka ba. Ba a gaban mutane ba."

Heaika ya share wuƙar a wandonsa. Da zai mai da ita kube ya kuskure bakin kuben, sai da ya lalubo da ɗayan hannun. Ban ga alamar wani ya lura ba sai ni.

"Ka zaɓi waɗanda ka ga dama a cikin nawa," in ji shi.

"Ba maganar maraƙi nake yi ba."

"Na sani."

Da wani ne, da an ce tsufa, ko gajiya, ko ya ɗan kurɓa. Amma shekara hamsin ana cewa Heaika ba ya kuskuren kunne. Sunan da ya ɗaukaka shi, shi ya kama shi. Kafin ƙanƙara ta rufe kogi maganar ta zaga gari. Aka daina aiko masa a kan gardamar dabba. In ya shiga kanti sai ka ga maza suna jawo hula suna rufe kunnuwansu, wani ya ce, "Jama'a, a tattara kunne, ga wuƙa ta shigo." Shi kuwa ya sayi sukarinsa ya fita.

Ya sauka gidana a farkon watannin duhu, waɗanda rana ba ta fitowa a cikinsu, da tsakar rana, lokacin ɗan hasken nan mai ruwan shuɗi. Na dafa gahawa na yanka busasshen nama. Da gangan na ajiye ƙoƙonsa ɗan nesa da inda na saba. Hannunsa ya tafi inda na saba, ya taɓa katako.

"Yaushe ya fara?" na ce.

"Mene ne?"

"Heaika, ni ba Biera ba ce."

Ya janye hannunsa daga katakon. Muste ya zo ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa.

"Shekara biyu," ya ce. "Kamar an danna mini babban yatsa a tsakiyar komai. Gefe-gefe ina gani. Ga kafaɗunki nan, ga murhu. Fuskarki ce babu. A shinge launin gashi nake bi da irin tafiyar dabba, na ɗauka zai ishe ni."

"To ka faɗa musu mana. Kalma ɗaya ce, su rufe bakinsu."

"Kalma ɗaya, Biera ya gaya wa matarsa, matarsa ta buga wa Risten waya. Kafin Lahadi makullin babur yana cikin jakarta, ni ina gidan tsofaffi ana ba ni kunu da cokali." Ya lalubo ƙoƙon ya kurɓa. "Ɓarawo ana zaginsa, Ravna, amma a kan tudu yake kwana. Makaho ana tausayinsa, a ɗaki."

"Ƙarya zunubi ce."

"Wace ƙarya na yi? Wa ya tambaye ni na ce ina gani?"

Na ƙara masa gahawa. Bai ce in yi shiru ba, bai ce kada in yi ba. Sau biyu a wannan hunturun na ɗaga waya zan kira Risten, sau biyu ina ajiyewa. In na faɗa, na wanke sunansa na raba shi da garke. In na yi shiru, ina ji ina gani ana cin naman mutumin da bai ci na kowa ba. Na kai maganar gaban Ubangiji safe da yamma, ban ji an ce mini yi ko bari ba.

Gab da Kirsimeti aka yi taron addu'a a wani gida, mata gefe ɗaya, maza gefe ɗaya. Mai wa'azin baƙo ne, amma da alama an riga an cika masa kunne, don ya daɗe a kan hannun da ke miƙewa zuwa dabbar maƙwabci. Ba wanda ya waiwaya, amma kowa ya san wa ake nufi. A wurinmu in an gama wa'azi, wanda yake da nauyi a zuciya yakan tashi ya je wurin wanda ya ɓata wa ya nemi gafara. Na ga Heaika ya miƙe, ya tsaya yana riƙe da bayan benci, bai motsa ba. Mutane sun ɗauka kunya ce. Ni na gane jira yake. Da Biera ya yi tari, sai ya nufi inda tarin ya fito.

"Ɗan yayata," ya ce, "ka yafe mini abin da hannuna ya yi maka."

Biera ya fashe da kuka kamar yaro, ya rungume shi, ya ce an gafarta masa cikin sunan Yesu da jininsa. Mata suka ɗauki kuka, suna murna ɓarawo ya tuba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a abin da ya faɗa, amma duk ɗakin ƙarya suka ji, kuma daga ranar ko mai ɗan shakka ya daina. Ni ma na yi kuka tare da su. Ba wadda ta san nawa daban ne.

Ya sami hunturunsa. An yafe masa, amma ba mai son zama tanti ɗaya da shi, sai aka riƙa ba shi gadin can ƙarshen garke shi kaɗai, abin da ya fi so ke nan. Muste yana gudu a gaba, baƙi a kan fari, shi yana binsa da gefen ido. In ya sauko gari sai in ga ya rame amma fuskarsa a sake. Yakan ba ni labarin inda dusar ƙanƙara ta yi laushi dabbobi suna tona abinci ba wahala, da inda ta yi ɓawo. Da sanda yake gane wannan, ba ya bukatar ido.

Karen ya mutu a watan Maris, tsufa ne kawai. Na ce masa yanzu fa? Ya ce ya san tudun nan fiye da cikin bakinsa.

Bayan Ista aka yi irin ranar nan da sama da ƙasa suke zama abu ɗaya, fari fat, ba inuwa. Ya fita zagaya garke bai dawo ba. Kwana biyu Biera da sauran suna nema ta gabas, inda ya kamata ya kasance. Can yamma aka same shi, nesa ƙwarai, man babur ya ƙare, yana zaune a kan fata a jikin babur, a tsakiyar garken wasu mutane. Ashe da ya ji ƙararrawar wuyan wata barewa kusa da shi, sai ya jefa igiya ta inda sautin yake, ya kamo barewar, ya shafa kunnuwanta da yatsu. Nan ya gane garken waye, ya gane inda yake, ya kuma san masu shi za su zo dubawa ko yau ko gobe. Sai ya zauna. Da suka iso ya ce da babbansu, "Na san kunnen ubanka, kai ka ƙara tsaga a dama." Suka miƙa masa gahawa mai zafi. Ya miƙa hannu gefen da ba ta nan.

Daga nan sai asibiti, daga asibiti sai kowa ya ji.

Biera ya zo gidana bai ko kakkaɓe takalmansa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kansa na kusan taɓa rufi.

"Inna Ravna, kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin taron addu'a."

"Kika bar ni na yafe masa? A gaban mutane, ni, na yafe masa?"

Na ce ya zauna ya sha gahawa. Bai zauna ba. Har yau yana gaishe ni, yana kawo mini nama, amma bai ƙara zama a gidana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Cikin mako ɗaya bakin gari ya juya. Masu rufe kunne a kanti su ne suka fara cewa dama sun yi zargin wani abu ne, Heaika ai ba zai yi ba. Sunansa ya dawo masa cif, lokacin da ba shi da inda zai kai shi. Risten ba muguwa ba ce. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce da ta sani da wuri wataƙila da likita ya tsai da abin a ido ɗaya, kuma da ta faɗi haka ni ta kalla. Sannan ta karɓi makullin. Dabbobinsa suka koma hannun Biera. Da ƙanƙara ta fara narkewa garke ya tafi teku, karo na farko cikin shekara saba'in da biyu ba shi a ciki.

Ɗakin da aka ba shi yana da ɗumi, kamar yadda ta ce. Tagarsa tana kallon inda ake ajiye motoci. Shekara uku ya yi a ciki kafin Ubangiji ya kira shi. Ina zuwa kowace Alhamis in karanta masa Zabura, a hankali, don ni ma karatuna ba mai gudu ba ne. Yakan saurara da ladabi, ya ce amin inda ake cewa. Amma hannayensa ba sa zama. Kullum suna kan bakin bargo, babban yatsa da manuni suna bin gefensa, su kai ƙarshe su dawo.

A kakarsa ta farko a wurin, na shigo na zauna, ban ko buɗe littafi ba ya ɗaga hanci.

"Kin fara takalman hunturu. Ina jin warin fata a hannunki."

"Biera ya aiko mini da kawuna shida daga yanka."

"Na wa da wa?"

"Ban duba ba. Ni fatar goshi nake cirewa, ita ce ta takalmi."

"Kunnuwan fa?"

"Na jefa wa karnukan maƙwabta."

Yatsunsa suka tsaya a bakin bargon. A waje wata mota ta tashi ta tafi. Sai ya matso da kansa kusa da ni, ya rage murya, ko da yake mu biyu ne a ɗakin.

"Kada ki ƙara zubarwa. Ki yanke su daga tushe, dama da hagu, ki ɗaure kowane biyu da zare don kada su gauraya, ki shanya a bayan murhu. Ki zo mini da su ranar Alhamis a cikin gyalenki, kada yarinyar nan mai farar riga ta gani, za ta ce ƙazanta ne. Kuma kada ki gaya mini na wane ne, Ravna. Ki sa mini a hannu kawai."